Wasiƙa ga Masu Gina Shafukan Intanet Kan Tarkacen Excel

Ƙannena,

Ba zan hana ku yabonku ba. Kuna da zafin nama, kun iya tsara shafi ya zauna daram a fuskar waya, abin da mu a zamaninmu ko mafarkinsa ba mu yi ba. Allah ya ƙara basira. To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Makaranta ta ba ku sakamakon jarrabawa a Excel, sai ku sa Excel ta mayar da shi HTML, ku kwashe duk abin da ta zubo ku liƙa, ku karɓi kuɗinku. Kun taɓa buɗewa kun karanta? Tun daga Office 2000 aka tsara wannan hanya domin Excel ta iya sake buɗe fayil ɗin ba ta rasa komai ba. Wato kanta take rubuta wa. Shi ya sa za ku tarar da xmlns:x a sama, da xl65 da xl66 maƙale da gidajen jadawali, da faɗin da aka ƙayyade ba ya motsi, da dogon bayani a ɓoye ƙarƙashin sharaɗin mso 9, wanda ba komai ba ne illa lambar Office 2000. Uba zai sayi data ya sauke wannan duka, sannan ya yi ta jan jadawali hagu da dama kafin ya ga makin ɗansa.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne kan jadawali. Excel da td take rubuta kowane gida, har na sama. Iyakarta ta kaurara rubutun. Mai ido zai gane. Makahon da manhaja ke karanta masa allo fa? Lambobi kawai zai riƙa ji, bai san wanne ne makin lissafi, wanne ne na Hausa ba. Dave Raggett da ya rubuta ƙa'idar jadawali a 1996 ba don wasa ya bambanta th da td ba. Shi ne kuma ya yi HTML Tidy, wadda har sashen wanke abin da Word 2000 ke fitarwa gare ta. Håkon Wium Lie tun 1994 ya kawo shawarar CSS don a raba ado da ma'ana. Mu a Notepad muka koya, kowace alama da hannu, kuma wanda bai iya bayanin layin da ya rubuta ba kunya yake ji. Ku kuwa kuna ɗaukar abin da ba ku san cikinsa ba kuna kai wa mutane. Wannan dako ne!

Ku yi haƙuri, kishin sana'ar ne.

Kada kuma ku ce na ce a share komai ido rufe, don wasunku can suka faɗa. Idan za a sake buɗe jadawalin a Excel, mso-number-format mai ɗauke da \@ shi ke gaya mata cewa gidan rubutu ne. Ku cire shi, lambar wayar da ta fara da 080 ta rasa sifirinta. Haka colspan da rowspan: su ke riƙe da gidajen da aka haɗe, in suka tafi layuka su goce.

Idan kuwa don karatu kawai ake so, ku fitar da bayanan a CSV, ku gina jadawalin da kanku, ku sa th inda ya dace, ku gwada a ƙaramar waya kafin ku miƙa aiki.

Wassalam, daga yayanku a sana'a.