Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ran nan muna cikin bitar jarrabawa da dare aka ɗauke wuta, muka koma lalube da tocila. Da gari ya waye na tambayi malaminmu na tarihi, shin wa doka ta ɗora wa alhakin ba mu wuta? Ga kaɗan daga abin da na koya, don waiwaye adon tafiya ne.

A zamanin Turawa ba hannu ɗaya ke riƙe da lantarki ba. Ikko ta fara samu a 1896. A Kano da Katsina En'e ce ke gudanar da shi, a wajen Jos kuwa kamfanin NESCO ne, wanda aka kafa a 1929 saboda masu haƙar kuza. Dokar 1950 ta kafa hukumar ECN, ta karɓe na gwamnati da na En'e. A 1962 aka kafa wata hukumar ta madatsun ruwan Kwara, wadda ta gina Kainji. Sai a 1972 gwamnatin Janar Gowon ta yi doka mai lamba 24, ta haɗe su biyun suka zama NEPA.

Masu dokokin nan suna da hujjarsu, domin babu En'en da ke da kuɗin gina irin Kainji. Amma ni a ganina illar ita ce mai wuta ya yi wa mai amfani da ita nisa. Wanda yake Ikko ina zai ji kukan ƙauyenmu? Dokar 2005 ta rushe NEPA, a 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wuta. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, aka yi sabuwar doka wadda ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta.

Ina goyon bayan wannan, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sai dai doka a takarda ba ta kunna ƙwai. Jiha ba za ta ci moriyar ikon nan ba sai majalisarta ta yi tata dokar. Don haka ina roƙon iyayenmu su tambayi wakilansu ina aka kwana. Mu kuma mu daina barin fitilun aji a kunne da rana tsaka.

Allah Ya sa na bayanmu su yi karatu cikin haske, amin.