Mai tsohuwar a-kori-kura, canza altaneta bai fi ƙarfinka ba

Duk mai a-kori-kura a Hanwa da ke jigilar masara daga kasuwar Giwa ya san tsadar wuni guda a gareji: ga kuɗin aiki, ga lodin da ya wuce shi. A ganina, canza altaneta, wato injin da ke cajin batir, bai kai a yi wannan asara ba.

Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da ire-irenta, ba su da wata kwamfuta; sifana ta wadatar. Kashe mota, fara cire kan batir mai alamar ragi, ɗauki hoton yadda wayoyi suke, sassauta fambel, sannan ka kwance kusoshi. Wajen mayarwa, fambel ya lotsa kamar santimita 1 idan ka danna. In ya fi haka tauri, boris zai ci.

Amma kafin ka nufi Sabon Gari sayen 'yar Beljiyam, sa mita a kan batir. Idan mota na aiki ta nuna bolt 13.5 zuwa 14.5, altaneta lafiyarta lau. Ko da ta gaza, sau da yawa burushi ne ya cinye, kuma rewaya zai canza shi da kuɗi kaɗan.

Masu cewa a bar wa gwani suna da hujja a motocin zamani. Sai dai wasu gwanayen ne ke zare kan batir mota na aiki wai don gwaji, alhali hakan na iya ƙona altaneta mai lafiya. Kada ka yarda a yi wa taka. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma da mita.