Jinjina ga masu horar da yaran Maje, amma da sauran aiki

Yabon gwani ya zama dole. Wanda ya bi hanyar Suleja zuwa Minna bayan la'asar, in ya ratsa Maje, zai ga yara cikin ƙura suna atisaye, wasu da takalmi, wasu ƙafa a ƙasa, ga wani saurayi a tsakiyarsu da usur a wuya. Koci ke nan. Ba mai biyansa albashi. Shi ke haɗa karo-karo a sayi ƙwallo, shi ke durƙusawa gaban uban yaro ya roƙa a bar shi ya zo fili, shi ke goya wanda ya gurɗe a babur zuwa wajen mai ɗori. Allah Ya saka muku da alheri.

Hamayyar da ke tsakanin kulob-kulob ɗinku ma abin so ce. Don kada na Madalla ko na cikin gari su fi ku ne kuke fitowa fili tun da asuba. A irin wannan gogayya aka ƙera Ahmed Musa a makarantar GBS ta Jos, kafin ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya wuce Turai. Zaidu Sanusi daga Jega ya taso, a 2020 ya sa rigar Porto.

Sai dai, 'yan'uwa, son kofi ya fara cin amanar yaran. A yi ta horar da yaro shekara da shekaru, ranar wasan ƙarshe sai a ajiye shi a benci, a kawo ɗan haya mai gemu a ce shekarunsa goma sha biyar. Wani kulob ɗin kuma ba ya rainon kowa, jira yake maƙwabci ya gyara yaro, ya zo da sabon takalmi da alƙawarin gwaji a Abuja ya janye shi. Rage shekaru ya riga ya ba mu kunya. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar, na ƙarshe a 2015, amma a 2016 hoton ƙashin wuyan hannu na gwajin shekaru ya kayar da 'yan wasa 26 a sansanin ƙasa, Nijar kuma ta fitar da mu. A filayen unguwa ake fara wannan ƙarya.

Ku kuma dubi lafiyar yaran. Nura Abdullahi ya tashi daga makarantar ƙwallo a Abuja har ya kai Roma, amma matsalar zuciya ta sa ya ajiye takalmi a 2019. Shi ya samu likitocin da suka gano. Yaron Maje da ke gudu cikin zafin Maris, wa ya taɓa auna shi? Ranar da ƙwallo ta ƙi, takardar makaranta ce za ta riƙe shi, don haka wanda bai je aji ba kada ya taɓa ƙwallo da yamma.

Akwai kuma haƙƙinku da kuke bari yana zubewa. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa ga kulob-kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Mai rajista kaɗai ke samu. Ku je hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Neja a Minna ku yi wa kulob rajista, ku rubuta sunan kowane yaro da ainihin ranar haihuwarsa, da sa hannun mahaifinsa.