Daga Samaru Zuwa Wayar Manomi: Inda Binciken Jami'a Ke Maƙalewa

Wanda ya taɓa ajiye wake ya san halin ƙwaronsa. A zuba shi a buhu da kaka yana ƙyalli, kafin watanni uku a kwance a tarar ya huje, rabinsa ya koma gari. Wannan tsoron ke sa manomi ya kai wakensa kasuwa lokacin da ya fi araha, ya kuma sa wasu 'yan kasuwa su yi masa ambaliyar magani mai guba. Abin ya kai ga Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa.

Maganin wannan matsala ya fito ne daga ɗakin bincike. A ƙarshen shekarun 1980, Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue da ke Amurka, tare da masu binciken noma na Marwa a arewacin Kamaru, suka tabbatar da cewa in aka hana iska shiga wake, ƙwaron da ke ciki zai shanye ɗan abin da ya rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Daga nan aka sami buhu mai ruɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Babu feshi, babu ƙwayar magani.

Sai dai sanin ya daɗe bai yaɗu yadda ya kamata ba. Sai a 2007, da aka fara shirin yaɗa buhun, mai suna PICS, da kuɗin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, labari ya canza, kuma ba wani sabon ilimin ƙwari aka gano ba. Tafiya aka yi. An shiga ƙauyuka fiye da 30,000 a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A kowane gari a tara jama'a, a cika buhu a gabansu, a ɗaure, a bar shi a hannun mutanen garin, bayan watanni a dawo a kwance kowa na kallo. An sa tallan a rediyo da Hausa. An sami masana'anta a Kano da ke buga buhun, da masu shaguna da za su sayar. Da aka lura ɗaurin ledar yana da wuyar kwatantawa da baki, sai aka ɗauki ɗan gajeren bidiyo da waya, mutane suka riƙa tura wa juna ta Bluetooth. Yau a Dawanau da Maraɗi ba sai an yi wa kowa bayanin buhun ba.

A cikin buhun nan guda akwai ilimin noma, akwai dabarar koyarwa, akwai hanyar sadarwa. Da ɗaya ya ɓace, da sauran biyun sun tashi a banza. Abin da jami'o'in Arewa suka kasa kamawa ke nan har yanzu: suna riƙe da fannonin uku, amma kowanne a ɗakinsa, ƙofa a rufe.

Ba a rasa gwanaye ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samo asali tun 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk irin da sunansa ya fara da SAM, masara ce ko dawa ko gyaɗa ko auduga, daga can ya fito. A ƙarshen 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa, mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, har ya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu a damina. Akwai masu ja da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma hakkinsu ne a ba su amsa da hujja. To amma ko mai goyon baya ko mai ja, dole ya yarda manomin Ɗanja ko na Gumel ba zai yanke hukunci kan abin da bai ji labarinsa ba, ko wanda ya ji amma bai san inda zai sami na gaskiya ba.

A da malamin gona ne ke ɗauke da wannan kaya. Tun da Bankin Duniya ya tallafa aka buɗe shirye-shiryen raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, an saba ganinsa a kan babur yana bin gonaki. Yanzu da yawansu sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, mutum guda na fuskantar dubban manoma, wasu hanyoyin kuma rashin tsaro ya rufe su. Wanda ya gaje shi a aikace shi ne mai shagon maganin feshi na bakin kasuwa. Shi ake kai wa ganyen da ya lalace a tambaya, shi kuma abincinsa yana cikin sayar da kwalba.

Nan ne ya kamata masu ilimin kwamfuta su shigo, kuma akwai shaida cewa shigowarsu na da amfani. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis ɗin waya ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda waya ta isa, domin ɗan kasuwa ya daina hawa mota don jin farashi kawai. Bayan haka ita da abokan aikinta suka gwada wani abu a azuzuwan yaƙi da jahilci na yankunan Doso da Damagaram, inda ake karatu da Zabarmanci da Hausa. A wasu ƙauyukan aka ƙara wa ɗalibai darasin sarrafa ƙaramar waya, a wasu aka bar darasin yadda yake. Waɗanda suka taɓa waya sun fi ƙwazo a rubutu da lissafi, kuma fifikon bai gushe ba watanni bayan an rufe aji. Dalilin a fili yake. Dattijuwar da ta koyi haruffa ta sami inda za ta yi aiki da su kullum, tana rubuta wa ɗanta da ke ci-rani saƙo.

A jihar Kano ma an yi irin wannan gwaji da manhajar RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice, wadda ke tambayar manomin shinkafa halin gonarsa da kuɗin da ke hannunsa, sannan ta faɗa masa yawan takin da zai sa da lokacin sawa. Waɗanda suka sami shawarar sun ƙara amfanin gona da kusan kashi 7 cikin 100, riba kuma da kusan kashi 10. Ba wani abin al'ajabi ba ne, amma ga mai buhu 30, ƙarin buhu biyu kuɗin makarantar yara ne.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan ayyuka daga waje aka jagorance su. Mutanen ƙasa sun yi aiki a ciki, sun ɗauki wahalar fili, amma tambayar da kuɗin daga wani wuri suka zo. A halin da ake ciki kuwa, sassan kwamfuta na jami'o'in Arewa na yaye ɗalibai kowace shekara da kundaye masu kyan bango, yawancinsu kan matsalolin da aka aro daga mujallun ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Ɗalibi ya gwada sabuwar dabarar tafiyar da bayanai a cikin kwamfutarsa, ya zana jadawali, ya kare kundi, a ajiye a kanta. Bai taɓa ɗaukar na'ura ya je ya auna ƙarfin sabis a Kura ko Bakolori ba.

Alhali tambayoyin da ke ƙofar gida sun fi wuya, sun kuma fi daɗin bincike. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 da Equiano na Google da ya iso a 2022, a Legas suke sauka, kuma kafin a ja su zuwa Sakkwato ko Maiduguri sai an biya kuɗin haƙa a kowace jiha. A watan Maris na 2024 wasu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka tsaya cak. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya baki ɗaya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duk manhajar noma ko ta karatu da ba ta motsi sai da intanet, a waɗannan makonni ta zama hoto. Yaya za a gina tsarin da zai tara saƙo ya riƙe, ya tura idan sabis ya dawo? Yaya ƙaramar na'ura mai aiki da hasken rana za ta ɗauke darussan makaranta guda, yara su shiga da waya ba tare da sayen data ba? Yaya manomin da bai iya boko ba zai kira lamba da ƙaramar wayarsa mai tocila, ya yi tambaya da bakinsa, a ba shi amsa?

Tambayar ƙarshen nan ma aiki ne na masu harshe. Matasan da ke ƙungiyar HausaNLP sun fara tara bayanan da kwamfuta za ta koyi Hausa da su, kuma sun cancanci yabo. Amma Hausar jarida daban, ta gona daban. Ciyawar da ke kashe dawa wani ya ce ƙuduji, wani ya ce wuta-wuta. Tsutsar tumatir da masana ke kira Tuta absoluta, manoman Kano sharon suke ce mata. Na'urar da ba ta san wannan ba za ta yi ta ba da amsar abin da ba a tambaye ta ba. Kalmomin nan suna bakin malaman Samaru da na NAERLS, cibiyar yaɗa binciken noma da ke maƙwabtaka da su, wadda ta daɗe tana shirye-shiryen rediyo da ƙasidu da Hausa, har ta buɗe layin kiran waya na manoma. Tazarar da ke tsakaninsu da sashen kwamfuta na jami'arsu ba ta wuce tafiyar 'yan mintuna ba.

Karatu daga nesa ma ba baƙo ba ne a Arewa. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana yin sa tun 1976 da littattafai da cibiyoyin ƙarshen mako, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa kuma ta dawo aiki a 2002. Amma 2020 ta tona asiri. Da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris, ga kuma yajin aikin malaman jami'a na wata tara, 'ya'yan masu hali suka koma Zoom, sauran kuwa rediyo ce ta cece su, a inda gwamnatocin jihohi suka sa darussa. NgREN, hanyar sadarwar da aka ƙaddamar a 2014 don haɗa jami'o'in tarayya 27, ta yi fama da rashin kuɗin gudanarwa bayan tallafin farko ya ƙare, don haka ba ta zama gadar da aka yi fata ba. Wanda zai tsara karatun intanet a wannan yanki ya fara da tambayar nawa ne kuɗin data na darasi guda, kuma wa zai biya.

Ɗalibin da ya fi cancanta a fara da shi ma ba mai neman digiri ba ne. Mai shagon feshin nan ne. Kwas na mako shida da saƙon murya ta WhatsApp, da Hausa, kan gane cuta da auna magani da kwanakin da za a jira kafin girbi, da jarrabawa da takardar shaida daga jami'a wadda zai rataya a shago, zai taɓa gonaki fiye da taron ƙara wa juna sani goma a otal.

Me ya hana? Rashin kuɗi na ciki, amma ba shi ne babba ba. Malamin jami'a yana hawa matsayi ne da yawan maƙalun da ya buga a mujallu, da Turanci. Wanda ya ɓata shekara biyu yana gyara manhaja har manoma 5,000 suka riƙe ta, in bai fitar da takarda ba, a idon kwamitin ƙarin girma bai yi komai ba. Ba laifinsa ba ne in ya bi inda ladan yake. Gyaran yana hannun majalisun jami'o'i da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa: a ba irin da aka fitar, da manhajar da ake aiki da ita, da darasin da aka tabbatar ya isa ga jama'a maki na sosai, bisa shaidar da wani daga waje zai iya bincika. TETFund kuma, da ke raba kuɗin bincike na ƙasa, tana iya ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai tawagar ta haɗa masanin noma da na sadarwa da na koyarwa, kuma sai an koma bayan damina biyu an ƙirga waɗanda ke amfani da abin.

Wasu malaman za su ce jami'a ba ma'aikatar gona ba ce, kuma bincike mai zurfi da ba a ga amfaninsa yau ba shi ke haifar da na gobe. Gaskiya ne, buhun PICS kansa ya tsaya ne a kan shekarun da aka yi ana nazarin numfashin ƙwaro. Ba a ce kowa ya bar ɗakin gwaji ba. Abin da ake nema shi ne wanda ya zaɓi fita fili kada ya yi asarar matsayinsa.

Wurin gwaji ma a shirye yake. A 2016 sharon ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya don babu abin sarrafawa, kuma tsutsar ta sake dawowa a shekarun baya-bayan nan. Tana farawa ne a gonaki kaɗan idan zafi ya shigo, kafin ta bazu. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, tana da tsangayar kwamfuta, Kadawa kuma ba ta kai tafiyar awa biyu daga harabarta ba. Tarkon ƙwari a gonaki 50, ɗalibai 10 da za su riƙa ƙirga abin da ya kama duk mako, da tsarin da zai aika saƙon murya ga manoman Kura da Garun Malam da Bunkure ranar da adadin ya fara hawa: ana iya kafa wannan kafin dashen rani mai zuwa, a kuma auna a watan Afrilu ko kwandunan da suka isa kasuwar 'Yankaba sun ƙaru.