A Bar Ɗan Ogbete Ya Zurfafa Karatun Injiniya

Akwai wata gardama da kan tashi a gidajen Hausawa mazauna Ogbete a Inugu, da ma na Anaca da Fatakwal, duk lokacin da yaro ya gama shekara biyar ɗinsa na karatun injiniya, ya yi bautar ƙasa, sannan ya ce yana so ya koma jami'a neman digiri na biyu. Uba yakan ce karatu ya isa haka, ga rumfa tana jira, ga ƙanne, ga kuma maganar aure. Ba a ce uban ya yi ƙarya ba. Amma a mafi yawan lokuta yaron ne ke da gaskiya, kuma jama'ar unguwa ya kamata su tsaya masa.

Garin Inugu kansa aikin injiniya ne ya kafa shi. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal, ita kuwa Ogbete asalinta mazaunin leburorin kwal ce. Fataken Arewa sun biyo wannan arziki da shanu da albasa, har aka kai ga Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Watau dai a ciniki da siyasa ba a bar baƙin Arewa a baya ba. Inda aka bar su shi ne wajen sanin injin da ke juya arzikin.

Maƙwabtansu kuwa sun daɗe da gane wannan. Lokacin yaƙin basasa masana da injiniyoyin Biyafara sun riƙa tace mai da kayan da suka harhaɗa da hannunsu. Da yaƙin ya ƙare a 1970, gwamnatin jihar ba ta bari sun watse ba, ta tara su a ma'aikatar bincike ta PRODA, wadda daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓa, inda aka yi ta ƙera injinan sarrafa rogo da makamantansu. Jami'ar Nsukka tana nan tun 1960, a 1980 kuma aka buɗe jami'ar fasaha a Inugu, aka buɗe wata a Fatakwal. Duk waɗannan suna kusa da rumfar mai albasa fiye da Zariya.

To, mene ne bambancin digiri na biyu da na farko? Na farko yana koya wa mutum ya yi aiki da abin da wasu suka riga suka gano. A na biyu, wanda kan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ba wanda zai ba ɗalibi amsa. Matsala guda za a ɗora masa, ya auna, ya gwada, ya ɓata, ya sake, sannan ya tsaya gaban malamai ya kāre abin da ya rubuta. Na uku, watau na dakta, ba ya kasa shekara uku.

Wahalar ba ƙarama ba ce, kuma bai kamata a ɓoye wa iyaye ba. Injin gwaji yakan lalace a rasa kayan gyaransa, sai ɗalibi ya ɗauki samfurinsa zuwa wata jami'a da kuɗin aljihunsa. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar gwajin da ya ci kwana biyu. Malamin da ke duba aikin yakan riƙe babi guda wata da watanni. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 shi kaɗai ya cinye wata takwas. Ana cikin haka sa'o'in yaron da suka shiga kasuwa sun yi aure, wasu har sun sauke farali, shi kuwa yana nan yana karɓar kuɗin mota a hannun tsohonsa. Wannan ita ce ta fi ciwo, ita ce kuma ke sa da yawa su ajiye.

Sannan ga wata matsala da ta keɓanta ga ɗan ci-rani. Yaron da aka haifa a Ogbete, in ya nemi tallafin karatu a jihar da ya tashi, sai a ce ba ɗan asalin jiha ba ne. In ya tafi jihar ubansa, sai a tambaye shi takardar ƙaramar hukuma da sa hannun dagacin da bai taɓa ganinsa ba. Ya zama jemage, ba ga tsuntsu ba, ba ga dabba ba. Asusun PTDF na Tarayya, wanda ke ɗaukar nauyin masu digiri na biyu da na uku a fannonin mai da iskar gas, shi ma yakan nemi wannan takarda. Ubannin da ke zuwa gida kowace Sallah ba su da hujjar barin ’ya’yansu ba su da ita.

Ribar kuwa ba sai an je nesa ba. Kowane dillalin tumatir ya san kwando nawa yake zubarwa idan mota ta kwana a hanya tsakanin Kano da Inugu, mai albasa ya san abin da damshin Kudu ke yi wa buhu, mahauci ya san abin da rashin wuta ke yi wa nama. Sanyaya kaya a mota, busar da su, gina rumbun da iska ke ratsawa, duk tambayoyin bincike ne na injiniya. Ɗalibin da ya tashi a cikin kasuwar ya riga sauran sanin inda asarar take, abin da ya rage masa shi ne kayan awo da lokaci.

Ƙungiyoyin ’yan albasa da na ’yan shanu suna tara kuɗi in gobara ta faɗa wa ɗan’uwa, ko in za a kai gawa gida. Sarkin Hausawa da shugabannin waɗannan ƙungiyoyi za su iya ware wani abu daga irin wannan karo-karo, su ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu a shekara, bisa sharaɗin ya zaɓi bincikensa daga matsalar kasuwar, in ya gama kuma ya zo ya yi musu bayani da Hausa a gaban rumfa.