Lauyan da ke gudun kotu

A jihar Minnesota ta Amurka akwai kamfanin Toro, mai ƙera injin yankan ciyawa. Inji ne mai wuƙa, ba a rasa wanda ya datse wa yatsa, kuma a can rauni ba ya daɗewa bai zama ƙara ba. Da farko lauyoyin kamfanin kan yi abin da aka saba: a yi gum, a musanta, a jira sammaci. A 1991 suka sake salo. Labarin rauni na isowa, sai a tura mutum har gida ya yi jaje, injiniya ya duba injin, a yi tayin diyya. In ba a daidaita ba, a nemo mai shiga tsakani. Shari'u suka ragu, kuɗin da suke ci ma ya ragu.

Irin wannan dabara ta fi dacewa da lauyan cikin gida. Lauyan haya daga shari'a yake ci. Na cikin gida kuwa albashinsa ɗaya ne, ko an je kotu ko ba a je ba, don haka idonsa na kan hayaƙi tun wuta ba ta kama danga ba.

A garinmu Gangara ba mu da kamfani mai ofishin lauya, amma rigimar kasuwanci ba ta tambayar girman jari. Mai sayen wake da aya yana kaiwa Maradi, ƙungiyar manoma mai bankin hatsi, wanda ya karɓi jinginar gona, duk suna fama da bashin da aka ƙulla da baki. Sulhu kuwa ba Amurkawa za su koya mana shi ba. Zauren mai gari da fadar sarki sun daɗe suna yi. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda yau ake da su har ƙauyuka, masu ba da takardar saye, aro ko jingina. Ƙungiyar dokokin kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta fitar da dokar shiga tsakani a 2017.

Inda muke da giɓi, a ganina, shi ne lokaci. Mukan je sulhu bayan an zagi iyaye, an daina gaisawa a masallaci. Mutanen Gidan Rumji ba su manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100 a 1991.

Me zai hana kowace ƙungiya ta ware mutum ɗaya mai karatu da sanyin baki, ta ɗora masa aikin tare rigima tun da wuri kaɗai? Ya rubuta tiya nawa aka ba da, ranar biya da sunayen shaidu. Ran da ya ji an fara gunaguni kan awo, kafin kasuwa ta sake ci ya riga ya yi sallama a ƙofar gidan mai ƙorafi.