ABERDEEN HAR ABADA: RADDI GA 'YAN A-BI-YARIMA-A-SHA-KIƊA

Ya kai mai karatu, kafin ka ce komai bari in riga ka. E, ni Bakano ne, haihuwar cikin badala, ban taɓa taka ƙasar Sikotlan ba, kuma kulob ɗin da nake goyon baya a Turai shi ne Aberdeen. To yi dariyarka ka gama, domin ba kai ne farau ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ana yi mini ita a majalisa. Wani ya ce, "Ibadan ka ce ko me?" Wani ya ce wai sunan maganin tari ne. Duk na shanye, ban taɓa ɗaukar biro a kai ba sai yau.

Abin da ya tunzura ni kuwa shi ne maganar wani yaro ɗan maƙwabcina, sa'an ɗana na fari. Muna zaune bayan la'asar ana musun ƙwallo, sai ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Baba, don Allah ka daina wahalar da kanka. Ka zaɓi kulob na gaske mana ka huta." Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na yi shiru ina kallonsa, domin na san tarihinsa sarai. Da jar rigar Manchester United na fara ganin yaron nan. Da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013 abubuwa suka taɓarɓare, sai ga shi da shuɗiyar Chelsea. Ba a jima ba ya koma Manchester City. In ka buɗe akwatinsa sai ka ɗauka dilan gwanjo aka kwance a Ƙofar Wambai. Wai shi ne zai koya mini kulob na gaske! Haba jama'a!

Bari in ba ka asalin maganar. Yayana, Allah ya jiƙansa, ya tafi karatu birnin Aberdeen a farkon shekarun 1980. Gari ne a arewa maso gabashin Sikotlan, a bakin teku, cibiyar harkar man fetur ta ƙasar Birtaniya, kuma gidajensa da dutse aka gina su, har ana yi masa laƙabi da birnin dutse. Da ya dawo, tsarabata ita ce wani jan rawanin ulu na wuya irin na magoya baya, da kaset na bidiyo guda ɗaya. A cikin kaset ɗin nan akwai wasan ran 11 ga Mayu 1983, a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin, inda Aberdeen ta kara da Real Madrid a wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Turai. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama taɓo. Eric Black ya fara ci, Juanito ya farke da fenariti, aka shiga ƙarin lokaci, John Hewitt ya sa kai ya jefa ta biyu. Biyu da ɗaya aka tashi. Kafin nan sun riga sun fitar da Bayern Munich, kuma a ƙarshen shekarar suka doke Hamburg suka ƙara wani kofin Turai. Mun kalli kaset ɗin nan har ya fara tsinkewa muna liƙe shi. Ranar da yaya ya ɗaura mini rawanin nan a wuya cewa ya yi, "Ga shi nan, amma fa ba a cirewa don an sha kashi." Yau shekararsa goma sha da rasuwa, rawanin yana nan, duk hunturu sai na ɗauko shi.

Kuma ka san waye kocin Aberdeen a wannan dare? Alex Ferguson ɗin nan dai. Daga 1978 zuwa 1986 a can yake, ya ci musu lig sau uku, a 1980 da 1984 da 1985, kafin Manchester United ta ɗauke shi. Yaron da ya ce in zaɓi kulob na gaske bai ma san daga gidanmu aka yi musu aron maigida ba.

To amma ba tinƙaho da tsohon tarihi ne ya kawo ni ba. Masu yi mini dariya hujja uku suke da ita, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, suna cewa wai gasar Sikotlan gasar mutum biyu ce, Celtic da Rangers, sauran 'yan rakiya ne. Ba zan yi musu ba, gaskiya ce mai ɗaci. Tun da Aberdeen ta ci lig a 1985, aka shafe shekara 40 cur har zuwa 2025 babu wanda ya ɗaga kofin nan sai ɗaya daga cikin waɗannan biyun na birnin Gilasgo. Dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne, kuɗi ne. Filin Celtic yana cin mutum wajen 60,000, na Rangers wajen 50,000, namu na Pittodrie kuwa wajen 20,000. Su ne ke shiga gasar Turai kusan kowace shekara su kwaso kuɗi, in ƙaramin kulob ya raini yaro ya fara haske sai a zo a saye shi, ko su ko 'yan Ingila. Amma ka tsaya ka yi tunani, wannan hujja a kaina take ko a kanku? Ƙasa ce mai mutum miliyan biyar da rabi, da kulob 42 a rukuni huɗu, kuma mafi yawan masu zuwa filayen nan sun san tun ranar farko cewa ba za su ci lig ba. Duk da haka sai mutum ya fito ranar Asabar cikin sanyin da zai sa yatsunka su ƙage, iskar teku tana yankan fuska, ya biya kuɗinsa ya shiga, ya riƙo hannun ɗansa kamar yadda ubansa ya riƙo nasa. Wannan shi ne mai goyon baya. Wanda ya zaɓi kulob don ya san zai ci, ai ɗan biki ne, ya ji ƙamshin girki ya shigo. Kuma kada ka ɗauka cutar nan a nan kaɗai take. A can ma duk ranar wasa motocin safa suna tashi daga ƙananan garuruwa cike da mutane su nufi Gilasgo, su bar kulob ɗin garinsu da kujeru a buɗe. Halin ɗan Adam ko'ina ɗaya ne.

Hujja ta biyu, suna cewa, "Me ka samu? Kullum sai dai a lallasa ku." Wallahi an lallasa mu, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A 2010 Celtic ta zuba mana tara da nema. A shekarar 2000 mu ne na ƙarshe a teburi, sauyin tsarin gasa ne ya cece mu daga faɗawa rukunin ƙasa. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta Janairun 2023, lokacin da wani kulob na ƙauye mai suna Darvel, daga rukuni na shida, 'yan wasansa ma kowa da sana'arsa da rana, ya fitar da mu daga kofin ƙasa da ci ɗaya mai ban haushi. Kwana uku ban leƙa majalisa ba. Amma rawanin bai bar wuyana ba.

Sai ga ranar 24 ga Mayu 2025, wasan ƙarshe na kofin Sikotlan a filin Hampden, mu da Celtic. Rabonmu da wannan kofi tun 1990, shekara 35. Celtic ta riga ta ci lig ta ci ƙaramin kofi, na uku take nema ta cike. A wannan kakar ta ba mu shida da nema, kwana goma kafin wasan kuma ta bi mu har gida ta ba mu biyar da ɗaya. Na je gidan kallon unguwarmu na roƙi mai gidan ya sa mini a talabijin ɗaya ta lungu, ya ce, "Alhaji yi haƙuri, yau Madrid ake kallo." Ka ji fa! Madrid ɗin da muka yi wa wanka a ruwan sama. Na dawo gida na zauna a soro ni kaɗai da 'yar wayata, cikin zafin nan na bazara, da rawanin ulu a wuya, gumi yana zuba. Celtic ta fara ci. Saura minti bakwai a tashi aka bugo wata ƙwallo daga gefe, golansu Kasper Schmeichel ya tura ta cikin ragarsa da kansa. Aka yi ƙarin lokaci ba ci, aka je fenariti. Golanmu Dimitar Mitov ya kaɗe biyu, namu huɗu duk suka shiga. Kyaftin Graeme Shinnie, haifaffen garin Aberdeen, shi ya ɗaga kofin. Ihun da na yi sai da uwargida ta fito ba mayafi tana tambaya ko gobara ce. Da na natsu sai na ga hawaye ne ke zubo mini, ina tuna yaya.

To yaro, in tambaye ka. A duk kofunan da kulob ɗinka uku suka ci, akwai wanda ya taɓa sa ka kuka? Babu. Domin wanda bai sha rana ba bai san daɗin inuwa ba. Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, mu kuwa na birnin dutse muka dafa, shekara 35 yana kan wuta.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Magoya bayan Hibernian na birnin Edinburgh daga 1902 suke jiran wannan kofi, sai a 2016 suka same shi, shekara 114. Kaka ya mutu yana jira, uba ya mutu yana jira, jika ya gani. Maƙwabtansu Hearts bashi ya kusa binne su a 2013, magoya baya suka shiga karo-karo duk wata kamar adashi, har a 2021 mafi yawan hannun jarin kulob ɗin ya dawo hannunsu. Ko Rangers da ba na shiri da ita, dole in faɗi gaskiya: da bashi ya rusa kamfaninta a 2012 aka mayar da ita rukuni na huɗu, mutum fiye da 40,000 suka riƙa cika filin Ibrox suna kallonta da ƙananan kulob har ta dawo sama a 2016. In da irin yaron nan ne, ai tun ranar farko an sayar da rigar.

Masu raina ƙwallon ƙasar ma su sani, Celtic ce kulob na farko daga Birtaniya da ya ci babban kofin Turai, a 1967, kafin duk na Ingila. Kuma a 2012 da ta doke Barcelona biyu da ɗaya, har da ɗan Kaduna, Efe Ambrose, a cikin masu tsaron bayanta.

Hujja ta uku ita ce mai ɗan nauyi. Suna cewa, "Me ya haɗa kifi da kaska? Kai da kake wa'azin amana, ina ka baro Kano Pillars?" Tambaya ce mai kyau, amma ba daga bakinku ya kamata ta fito ba. Ni ban baro ta ba. Masu Gida uwa ce, Aberdeen amanar yaya ce, kuma ba sa haɗuwa a fili bare in rasa inda zan tsaya. Da Pillars ta ci lig a 2008, ta kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014, garin nan kowa ɗan Pillars ne. Da ta faɗa rukunin ƙasa a 2022 fa? Nan aka gane na gida da baƙo. Waɗanda suka tsaya har ta dawo a 2023, su ne 'yan'uwan mutumin Aberdeen mai tsayuwa cikin sanyi, ko da ba su san sunan garin ba. Da su nake jin yare ɗaya.

Kada kuma wani ya juya mini magana. Amana daban, gaba daban. Tsohuwar ƙiyayyar da ke tsakanin wasu magoya bayan Celtic da Rangers, wadda aka cakuɗa da rikicin Katolika da Furotesta, ba abin koyi ba ce, haka nan doke-doken da ake yi a gidajen kallonmu a kan Turawan da ba su san da zamanmu ba. Mai goyon baya na gaske in an ci shi yakan haɗiye, ya ba abokin hamayya hannu, ranar Asabar ta gaba ya dawo.

Na san wani zai ce, "Malam, duk wannan dogon turanci a kan ƙwallo? Ai wasa ce." Na yarda wasa ce. Amma a wajen wasa ake gane hali, domin nan ne mutum ba ya ɓoye kansa. Yaron da ya saba da cire riga duk ranar da aka sha kashi, wa ya ce maka a riga zai tsaya? Gobe abokinsa ne zai karye a kasuwa ya daina gaishe shi. Jibi ubangidansa ne zai faɗi zaɓe, kafin a gama ƙirga ƙuri'a ya sauya hula. Ba kullum muke kukan masu sauya sheƙa ba? To daga ina kuke tsammani suke koyo? Abin da ya sa nake jin tsoron maganar yaron nan ke nan, ba don ya taɓa Aberdeen ba. Cewa ya yi in zaɓi mai ci in huta, kuma duk majalisar babu wanda ya ga aibin maganar.

Saboda haka ga amsata, yaro, tunda ran nan ban ba ka ba. Ban ce ka dawo Aberdeen ba, ba ma neman 'yan ci-rani. Cewa na yi ka buɗe akwatin nan naka ka zaɓi riga ɗaya, kowacce ce, sauran ka bayar. Ka zauna da ita in ana ci, ka zauna da ita in ana cin ku, har ranar da za a yi muku tara da nema ka fito majalisa da ita a jikinka. Ran nan ka zo ka same ni a soro, zan sa a dafa mana shayi, mu yi hirar ƙwallo ni da kai.

Ni dai rawanina yana nan a rataye, kuma na riga na gaya wa ɗana inda zai same shi.